Ganyen nan lansir ne, jarjir ne, ko ciyawa nake ba ruwa?

Maman Biyu (Sabuwar Unguwa):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu lambu da masu ilimin tsirrai ku taimaka mani. Bara cikin Nuwamba ƙanen maigidana ya dawo daga Italiya inda ya je kwas, ya kawo mani wani iri ƙunshe a 'yar takarda, ya ce ganye ne da suke ci ɗanye a can kamar salak. Sunan ya ɓace mashi, takardar kuma babu rubutu. Irin ƙanana ne kamar na alayyafo, sai dai ja-ja ne. Na yafa shi gindin katanga bayan madafi, wurin da nake sa yakuwa. Ya fito da ganye siriri mai tsage-tsage, in ka murza shi sai wani ƙamshi mai hawa hanci ya taso. Da muka ɗanɗana sai muka ji yaji irin na lansir, amma ya fi shi ƙarfi.

Ga abin da ya ɗaure mani kai. Lansir ɗin da na sani wata biyu ya gama, ya yi fure ya bushe. Wannan ya sha bazara, ganyen duk ya ƙone saura ɗan kututture, har na fidda rai, damina na faɗuwa ya sake toho. Yanzu shekara guda ke nan da 'yan kwanaki, ya wuce gwiwata, gindin ya yi itace-itace, yana ta zuba fure ruwan ɗorawa. Surukata ta ce in tuge shi, ciyawa ce ta hau kan irin, kada in ba yara. Ni kuma raina bai ba ni ba. Ga hotuna uku nan. Mene ne wannan?

Baba Mai Lambu (Ajiwa):
Wa alaikumus salam ɗiyata. Yarona ke rubuta mani. Na fi shekara talatin ina noman rani bakin dam, lansir kuwa duk hunturu sai na yi fangali huɗu ko biyar. Ganyen da kika nuna ya yi kama da lansir da ya tsufa, don shi ma in ya tashi yin fure ganyen sama na tsukewa. Amma ban taɓa ganin lansir mai fure ruwan ɗorawa ba. Nashi fari ne, ƙanana, sai ka duƙa za ka gan shi da kyau. Kuma lansir ba ya kwana shekara, ko ka yi mashi ban ruwa safe da marece. Wanga ba shi ba ne.

Hajiya Babba (Daura):
Jarjir ne. Shekara goma sha ɗaya na yi a Makka, babu ranar da ba a kawo shi cikin ɗauri tare da albasa da lemun tsami in an sayi kifi ko gasasshen nama. Sudanawa ma haka suke cinsa. Yajin da kika faɗa da ƙamshin duk nashi ne. Ki ci abinki, ƙanwata.

Maman Biyu (Sabuwar Unguwa):
Na gode Baba, na gode Hajiya. To Hajiya, jarjir ɗin can yana daɗewa haka a ƙasa?

Hajiya Babba (Daura):
A kasuwa na san shi, ban taɓa ganinsa a gona ba. Amma da na ƙara duba hoton, wanda muke saye ya fi wannan faɗin ganye, kan ganyen kewayayye ne kamar cokali. Naki siriri ne har ƙarshe. Halan rashin taki ne ya tsuke shi.

Ɗan Kusugu (Daura):
Ni dai ina bayan surukarki. Abin da ba ka san sunansa ba, ba ka san uwarsa ba, me ya kai shi bakin yara? Kowa a nan ya san abin da zaƙami ke yi ma mutum, shi ma ai fure gare shi mai kyau. Kuma ku duba bakin hanya da damina, akwai wata ciyawa mai fure ruwan ɗorawa mai dogon kwanso, 'yar'uwar gasaya, ko awaki ba su damu da ita ba. Wa ya sani ko irin Italiyan bai fito ba sam, ita ce ta tsiro kike ta wahalar ba ta ruwa?

Ɗalibar Tsirrai (Dutsin-Ma):
Yaya Ɗan Kusugu ya yi tambaya mai kyau, kuma akwai hanyar amsa ta ba tare da kowa ya yi rantsuwa ba. Duk mun tsaya kan ganye, alhali ganye shi ne ya fi yaudara a jikin tsiro. Ruwa na canza shi, inuwa na canza shi, taki na canza shi, tsufa ma haka. Fure da kwanso su ne ba sa canzawa. Anti Maman Biyu, don Allah ki tsinko fure ɗaya da ya buɗe sosai, ki ɗora kan farar takarda, ki duba mana abu uku. Fallen furen nawa ne, kuma yaya suka zauna? 'Yan tsinkayen tsakiya masu ɗauke da gari a kai guda nawa ne, tsawonsu ɗaya ko akwai gajeru? Sannan ki shafa karan, yana da danƙo yana manne ma hannu, ko sumul yake?

Maman Biyu (Sabuwar Unguwa):
Na duba da gilashin karatun maigida. Falle huɗu ne, biyu na kallon biyu, kamar alamar tarawa a lissafi. Tsinkayen shida ne, huɗu dogaye, biyu sun ɗan gaza. Akwai kuma wani kore guda a tsakiyarsu. Karan sumul, babu danƙo ko kaɗan.

Ɗalibar Tsirrai (Dutsin-Ma):
Alhamdu lillahi, kin gama rabin aikin. Falle huɗu a giciye, da tsinkaye shida huɗu dogaye biyu gajeru, wannan shi ne shaidar dangin kabeji, waɗanda a littafi ake kira Brassicaceae. Tsohon sunansu Cruciferae, wato masu ɗauke da giciye, saboda zaman fallen nan. Dangi ne babba, sun haura nau'i 3,500 a duniya. Kabeji na ciki, lansir na ciki, jarjir na ciki, mastad na ciki. Koren da kika gani a tsakiya shi ne zai zama kwanso.

Ciyawar da Yaya ke nufi na san ta, muna kiranta Cleome viscosa. Ita ma falle huɗu gare ta ruwan ɗorawa, shi ya sa ake rikicewa. Amma ganyenta a rarrabe yake kamar yatsun hannu, uku ko biyar, jikinta duk danƙo, tsinkayenta kuma sun fi shida nesa. Gasayar da muke ci ita ma ganyen yatsu gare ta, furenta fari, tsinkaye shida amma dogaye zaro-zaro suna leƙowa waje. Su maƙwabtan dangin kabeji ne na kusa, ba 'yan ɗaki ɗaya ba. Zaƙami kuwa furensa kamar kakaki yake, 'ya'yansa dunƙule da ƙaya, babu ta inda suka haɗu.

Yanzu cikin dangin, wanne ne? Baba ya riga ya fitar da lansir, kuma gaskiyarsa. Lansir, wato Lepidium sativum, furensa fari ne, kwansonsa ɗan mitsitsi ne shafaffe, kewayayye, da 'yar tsaga a kai, ƙwaya biyu kacal a ciki. Jarjir ɗin Hajiya shi ne Eruca sativa. Furensa fari ne mai ɗan duhun madara, da jijiyoyi masu ruwan makuba a jikin fallen, kwansonsa gajere mai kauri yana manne da kara, da baki shafaffe kamar kan takobi. Kuma shi ma ɗan shekara ɗaya ne, yana yin iri ya mutu. Na Anti furensa ruwan ɗorawa zalla, ganye siriri har saman kara, gindi ya yi itace, ya kwana shekara. Duk wannan ya dace da wanda ake kira Diplotaxis tenuifolia. Asalinsa ƙasashen bakin Bahar Rum ne, inda yake fitowa da kansa a kufai da gefen hanya da tsagin tsofaffin katangu. Mutanen Italiya na cinsa sosai, sunan da suke kiransa ma'anarsa jarjir na daji. Saura shaida ɗaya, amma sai kwanso ya ƙosa.

Hajiya Babba (Daura):
To ashe ban yi nisa da gida ba. Jarjir ne, na daji.

Ɗalibar Tsirrai (Dutsin-Ma):
Hancinki bai yi kuskure ba Hajiya, ɗanɗanonsu kusan ɗaya ne, kuma a Turai ma suna ɗaya ake sayar da su da shi a kanti. Sai dai a gona halinsu ya bambanta, shi ya sa na dage a raba su.

Baba Mai Lambu (Ajiwa):
Ɗiyata 'yar makaranta, kin ce kabeji ɗan'uwan lansir ne. Ni kabeji nake nomawa tun kafin a haife ki, ban taɓa ganin furensa ba balle in ƙidaya falle. Ina aka gan shi?

Malamin Gona (Ƙofar Ƙaura):
Baba, bari in amsa wannan don ya shafi aikin da na yi har na yi ritaya. Kabeji ɗan shekara biyu ne. Shekarar farko ya naɗe kai, sai ya sha sanyi mai tsanani na makonni da yawa kafin ya fasa ya fidda kara ya yi fure. Sanyin hunturunmu na dare ne, rana na fitowa ya gudu, bai isa ya tayar da shi ba. Shi ya sa duk shekara sai kun sayi irin gwangwani ko na leda daga waje, alhali lansir da yakuwa da kuɓewa kuna ajiye naku. Amma akwai shaidar da kai ma ka sani. Tsutsar nan 'yar koriya da ke huda maku kabeji, in ka taɓa ta ta zillo ta rataye da zare, ka taɓa ganinta a tumatur ko albasa? Ba ta cin su. Dangin nan kawai take bi. Maman Biyu ma ta sa ido, za ta iya zuwa mata.

Baba Mai Lambu (Ajiwa):
Wannan gaskiya ne Malam. Ba ta taɓa albasa.

Malamin Islamiyya (Rafindaɗi):
Allah ya saka ma ɗalibar nan da alheri. Da ta ambaci mastad sai na tuna abin da ɗalibai ke yawan tambayata. Shi ne Larabawa ke kira khardal, kuma ya zo sau biyu a Alƙur'ani, a Suratul Anbiya aya ta 47 da Suratu Luƙman aya ta 16, inda aka buga misali da ƙanƙantar ƙwayarsa. Da yake ba a noma shi a ƙasar Hausa, malamanmu da suka fassara sai suka ce ƙwayar komayya, don ita ce ƙaramar ƙwayar da Bahaushe ya sani. Yau ga shi na ji ashe ɗan'uwan lansir ne da ke tsakar gidajenmu. Irin lansir ɗin ma ai shi ne algarif na 'yan koli, wanda masu kantin maganin Musulunci ke sayarwa da sunan habbatur rashad, wanda in an jiƙa shi yake yin yauƙi. Da yawa suna saye da tsada ba su san a fangalin Baba yake fitowa ba.

Ɗan Kusugu (Daura):
Allah gafarta Malam, ka taɓo inda ke yi mani ciwo. Na yarda ba guba ba ne, na janye wannan. Amma ku dubi yadda zauren nan ya cika saboda ganyen Italiya. Yaushe rabon da wani ya sa hoton gasaya a nan? Ko tafasa, ko lalo, ko rama? Kakata da gasaya da ƙuli ta yi renonmu, yanzu ƙannena ba su san kamanninta ba. Lansir ɗin kansa in ba hunturu ba ba ka ganinsa, kuma masu yinsa raguwa suke. Sai mu bar namu ya ɓace mu koma renon na wasu?

Maman Biyu (Sabuwar Unguwa):
Ƙanena, ban bar namu ba. A filin nan da bai kai tabarma uku ba akwai yakuwa, akwai zogale biyu, akwai alayyafo. Abin da ya ja hankalina ga wannan shi ne daidai abin da ka faɗa: lansir na hunturu ne kawai. Maigidana mai son kwaɗon lansir ne ƙwarai, daga Maris kuwa sai dai ya haƙura. Wannan da damina na yanke shi ya fi sau biyar, na haɗa da ƙuli da tumatur da albasa da ɗan man gyaɗa, ya ce ya ji kamar Janairu. Ganyen da za ka shuka sau ɗaya ya riƙa ba ka yana sakewa, ga mace mai ɗan fili da ruwan saye, ba ƙaramin abu ba ne.

Malamin Gona (Ƙofar Ƙaura):
Ɗan Kusugu, bedin da kake zama ƙarƙashinsa daga ƙasar Indiya ya zo, zogale ma can ne asalinsa, tumatur da barkono da masara da gyaɗa daga nahiyar Amurka. Baƙunta ba laifi ba ce. Ni damuwata daban take, kuma ina so a saurare ni da kyau, don ta fi wadda ka kawo nauyi.

Tsiron nan a ƙasarsu ciyawa ne mai naci. Saiwarsa na nutsewa ƙasa sosai, shi ya sa ya tsallake bazarar Katsina da zafi ke haura digiri 40. In ka sare shi da fartanya ka bar guntun saiwa, zai iya sake fitowa. Ƙwayarsa kuma ba ta ƙidayuwa, kwanso na bushewa ya fashe ya watsar. An kai shi ƙasar Ostireliya, yanzu a jihar Ostireliya ta Kudu yana cikin ciyayin da hukuma ta ayyana a matsayin masu ɓarna, har sunan garin Port Lincoln suka laƙa mashi saboda yadda ya mamaye wannan yanki. A Ajantina ma ya bazu cikin gonaki da makiyaya. Ƙasar da ya fi so kuwa ita ce mai yashi wadda ba ta riƙe ruwa, wato irin jigawarmu. Duk wanda ya ga yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru ya san tsiro in ya samu wuri ba ya jin magana. Don haka shawarata, a tsakar gida ko cikin bokiti, to. Amma kada wanda ya kai shi bakin dam ko gona ya bar shi ya zubar da iri.

Baba Mai Lambu (Ajiwa):
Malam, ka tsorata ni, don har na fara tunanin in roƙi ɗiyata ɗan iri. Amma in tambaye ka, abin da mutane ke ci, awaki ke ci, ya za a yi shi gagari mutane? Ƙuduji ya gagare mu don ba mai cinsa. Nan ƙasar ko tsinke ya fito da rani sai dabba ta gaisa da shi.

Malamin Gona (Ƙofar Ƙaura):
Baba, maganarka na da ƙarfi, kuma ranin wata bakwai ba wasa ba ne, mai yiwuwa a dajinmu ba zai kai labari ba sai inda ake ban ruwa. To amma bakin dam ai wurin ban ruwa ne. Ba hana ka nake ba. Cewa nake in za ka gwada, fangali ɗaya, nesa da magudana, kuma kana ganin fure ka yanke. Yanke furen ma riba ce gare ka, don in ya tafi yin iri ganyen na raguwa ya ƙara ɗaci.

Ɗan Kusugu (Daura):
A nan ni da Malam mun haɗu. Abin da na ƙi shi ne a wayi gari ana rabon iri a zaure kamar goron suna, babu mai bin sawu.

Uwargida (Ƙofar Ƙwaya):
Ni dai an wuce da ni wajen muhawara. Ina da tsoffin bokitan fenti guda huɗu a saman bene. A taƙaice yaya ake shuka shi?

Maman Biyu (Sabuwar Unguwa):
Yaya, zan faɗi yadda na yi, masana su gyara. Na cuɗa irin da yashi mai laushi cikin tafin hannu don kada ya taru wuri ɗaya, na yafa, na ɗan barbaɗa ƙasa sama-sama. Da na zuba ruwa da bokiti rabin irin ya gudu gefe guda, sai na koma yayyafawa da gwangwanin da na huda. Wajen mako guda ya fara leƙowa, kuma da farko nawa gare shi, lansir ɗin da na shuka rana ɗaya da shi har mun fara ci shi bai kai tsawon yatsa ba. Sai da ya yi wajen mako shida na fara yanka. Da almakashi nake yi, in bar kamar faɗin yatsa biyu daga ƙasa, kada in taɓa zuciyar. Da bazara na kafa mashi tsohuwar tabarma ta yamma, ina zuba mashi ruwan ɗaurayar shinkafa da marece. Waɗanda suka mutu mani ba zafi ya kashe su ba, cikin Agusta ne, guda uku da ke inda indararo ke zuba, ruwa ya kwanta masu kwana biyu suka ruɓe.

Malamin Gona (Ƙofar Ƙaura):
Babu abin gyarawa sai ƙari. Uwargida, ki huda gindin bokitin da kyau, ki sa tsakuwa a ƙasa, sannan yashi kashi biyu, ruɓaɓɓen takin awaki kashi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji zai ƙone shi. Kada zurfin irin ya wuce rabin santimita. In sun fito ki rage, ki bar uku ko huɗu a bokiti, don saiwar na son wuri. Yanzu da sanyi shi ne lokacinsa, daga Nuwamba zuwa Janairu, don ya kafu kafin zafi. In darɓa ta taru a ƙarƙashin ganye, ko kika ga 'yan ƙwari baƙaƙe masu tsalle suna yi mashi huji kamar rariya, ki daka 'ya'yan bedi ki jiƙa su kwana, ki tace ki fesa da marece, ki bar kwana biyu ko uku kafin ki yanka, ki wanke sosai don ɗaci. Maganin feshi na kanti kuwa kada ya kusanci ganyen da za a ci ɗanye mako-mako.

Ma'aikaciyar Jinya (Barhim):
In ƙara kan maganar ɗanye. Duk ganyen da ba za a dafa ba, ruwan da aka ba shi shi ne za ka ci. Kada a yi mashi ban ruwa da ruwan kwata, kuma a wanke da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku. Lansir da salak ɗin kasuwa ma haka. Sannan tun ɗazu mutum biyu sun bi ni ta akwatin sirri suna tambaya wai jarjir maganin ƙarfin maza ne, wai yana maganin suga. Ganye ne mai kyau a abinci kamar sauran ganyaye, iyakar abin da zan ce ke nan. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ajiye maganinsa saboda shi. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin kuma ya gaya ma likitansa kafin ya ƙara yawan koren ganye a abincinsa, don bitamin K da ke cikinsu na rage ma maganin ƙarfi.

Ɗalibar Tsirrai (Dutsin-Ma):
Akwai kuma dalilin da ya sa ba a so a cika mashi takin zamani irin yuriya. Jarjir, na gida da na daji, suna cikin ganyayen da suka fi tara sinadarin naitiret a jikinsu, wanda tsiro ke zuƙa daga taki kuma ba a son yawansa a abinci, musamman in taki ya yi yawa kuma hasken rana ya yi kaɗan. Har Tarayyar Turai ta sa mashi iyaka a 2011: miligiram 6,000 a kowane kilo ga wanda aka girbe lokacin zafinsu, 7,000 ga na lokacin sanyi. Mu rana ba ta yi mana kaɗan ba, don haka takin gargajiya daidai gwargwado ya wadatar.

Yajin kuma da Anti ta ce yana hawa hanci, ku gwada wani abu. Ku shinshina ganyen yana jikin kara, ba za ku ji sosai ba. Sai an murza ko an tauna. A cikin ganyen akwai sinadarai biyu da ke zaune ɗaki daban-daban, sai an fasa ɗakunan suke haɗuwa su haifar da man mai yaji. Makaminsa ne na korar ƙwari. Wanda ya taɓa tauna 'ya'yan gwanda ko ya kankare saiwar zogale ya ji irin wannan yajin, don su ma dangi ne na nesa. Zafi da ƙishirwa na ƙara shi, shi ya sa ganyen bazara ya fi na hunturu faɗa.

Hajiya Babba (Daura):
Saiwar zogale kam haka take, har hawaye take sawa. Ikon Allah.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, masu turo lambar waya suna cewa a aiko masu da iri, na goge. Ba a gama tantancewa ba tukuna, kuma kun ji sharaɗin Malamin Gona. A jira.

Maman Biyu (Sabuwar Unguwa):
Salamu alaikum, na dawo bayan kwana tara. Kwanson ƙasa-ƙasa sun fara yin ruwan ƙasa. Sirara ne kamar tsinken ashana, tsawonsu kamar gaɓa biyu na ɗan yatsana, kowanne a kan 'yar doguwar ƙafa da ta buɗe daga kara, kansa na kallon sama. Na ɓare ɗaya da farce. Ya rabu biyu, a tsakiya akwai wata fata sharara kamar bayan albasa, ƙwayoyin na jere layi biyu a kowane gefe. Ga hoton, na ɗora kan baƙin mayafi don su fito.

Ɗalibar Tsirrai (Dutsin-Ma):
Masha Allah Anti, shaidar da nake jira ke nan. Sunan Diplotaxis ɗin kansa daga Girkanci yake, ma'anarsa jeri biyu. Da mastad ne mai fure ruwan ɗorawa, da layi ɗaya za ki gani, ƙwayoyin kuma dunƙulallu. Jarjir na gida shi ma layi biyu yake yi, amma fure da siffar kwanso sun riga sun fitar da shi. Akwai wani ƙanensa, Diplotaxis muralis, sai dai shi gajere ne, ganyensa a gindi yake taruwa, kuma ba ya yin itace haka. Ni na gamsu. In kina so a tabbatar da hannu ba da hoto ba, ki tuge ƙarami guda da saiwarsa da furensa da kwansonsa, ki shimfiɗa tsakanin jaridu, ki danne da littattafai masu nauyi, kina canza jaridar kullum har ya bushe. Ki rubuta rana da unguwa. Zan nuna ma malaminmu, kuma akwai ɗakin adana busassun tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya inda ake kwatantawa.

Ɗan Kusugu (Daura):
To Yaya Maman Biyu, sauran kwanson fa? Kar su fashe.

Maman Biyu (Sabuwar Unguwa):
Na riga na yanke duk karan furen jiya, na bar guda biyu kawai, na ɗaure kansu cikin tsohuwar safa don irin ya zuba ciki. Surukata ce ma ta riƙe mani zaren. Ta ɗanɗana kwaɗon, ta ce a rage mashi yawa a ƙara tumatur. Kai kuma ina neman irin gasaya, in akwai mai shi wajenku, don na bar mata wuri kusa da zogale.

Ɗan Kusugu (Daura):
Akwai wajen goggona a ƙauye, tana ajiyewa cikin ƙoƙo duk kaka. Ran Lahadi zan biya in na taso daga kasuwar Mai'aduwa. Amma sai zafi ya fara za ki yafa, ba ta son wannan sanyin.

Baba Mai Lambu (Ajiwa):
Ɗiyata, ni ma a ajiye mani ɗan kaɗan bakin cokali, in aiko maki da algarif na bana cikin gwangwanin madara. Ba bakin dam zan kai shi ba, Malam shi kwantar da hankalinsa. Bayan ɗakina akwai tsohuwar randa da ta tsage, nan zan sa shi in gani ko zai ga Mayu.